Tsibin Tsakiya

Ba wani ciwo da likita ke iya gani ne ya kwantar da Iya ba. Abinci kawai ta daina ci. In na kai mata kwano sai ta buɗe, ta sunsuna, ta kai loma ɗaya baki don kada a ce ta wulaƙanta hatsi, sannan ta mayar da murfi ta tura kwanon gefe da bayan hannu. Mun kai ta asibiti nan Diffa, aka auna jini, aka ƙara mata ruwa, aka rubuta maganin sa cin abinci. Da za mu fito likitan ya ja ni gefe ya ce tsohuwa irin wannan ba ta da ajiyar jiki, in ta ci gaba a haka ba za ta daɗe ba. A gidana take zaune, ni ke dafawa, saboda haka duk kwanon da ya dawo a kaina yake dawowa.

Mu uku ta haifa. Yayanmu babba ma'aikaci ne a Yamai, yayata mace tana aure a Maiduguri, sai ni. Na lura na nesa sun fi kowa iya jinya. Kullum waya na kuka, kowa da shawararsa. Yaya in ya kira sai ya fara da Faransancinsa ya ce, "Bon, ki saya mata mafi kyau, kar ki duba tsada." Ni kuwa ban duba ba. Naman rago, kifin banda mai maiƙo, shinkafa mai tsawo, tattasai ja jawur wanda babu tabo ko ɗaya a jikinsa. Miyata har sheƙi take yi. Iya ta dube ta ta kau da kai, zanenta kuma kullum sai ƙara zagaye ƙugunta yake yi.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, sai na koma ƙauyenmu, don can maganar ta samo asali.

A bakin Komadugu aka haife mu. Kogin nan zuwa yake yi kamar baƙo, ya kwana biyu ya tafi, kuma duk rayuwar garin a kan zuwansa take. In ruwa ya iso sai Baba ya dasa tattasai a garkarsa, injin ban ruwa ya yi ta tari daga safe har azahar. Da sanyi ya shigo sai a fara tsinka. A bayan gari akwai wani fili mai rairayi inda ake shanya, in ka hango shi daga nesa sai ka ce ƙasar ce ta yi ja. Idan ya bushe, aikin ya fita daga hannun maza ya koma hannun mata. Su zauna a kan tabarma su miƙe ƙafa, Iya a tsakiyarsu, suna zaɓe suna hira, hannu na aiki ido bai ko kallo. Tsibi uku ake yi. Na dama shi ne manya masu kauri, jansu har ya yi duhu. Na hagu ruɓaɓɓu ne da waɗanda tsutsa ta huda, na zubarwa. Na tsakiya kuwa ya fi kowanne tarkace: ƙanana na tsinkar ƙarshe, waɗanda rana ta ƙona wa gefe ɗaya ya yi fari, waɗanda suka karye, da waɗanda aka tsinka ba su gama nuna ba.

Mai sayen tattasan Baba wani Alhaji ne daga ƙetaren kogi, wajen Damasak. Da kwalekwale yake tsallakowa, yaransa na ɗauke da buhunan garara. Ɗan gajere ne mai tumbi, hularsa kullum a karkace. Ya yi yawon kasuwannin kudu yana kai kaya, can ya tsinto Turancinsa, kuma Turancin nan duk na kushe ne. Ban taɓa jin ya yaba wani abu da Ingilishi ba. In zai yaba da Hausa yake yi, a takaice, ya ce lamba ɗaya, ya wuce da sauri kamar wanda aka matsa wa. Amma in kaya bai kai ba, to nan bakinsa ke buɗewa.

Zai cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya zaro ɗaya daga can ƙasa, ya kaɗa shi kusa da kunne ya ji ƙarar ƴaƴan, ya fasa, ya sunsuna. In ya ɗan gaza kaɗan sai ya ce sakan. In ya rasa abin kushewa kuma ba ya son ya yaba, sai ya taɓe baki ya ce nobad. Abin da aka yi wa aikin ganin dama lokal ne. Wanda ya lalace rijet ne, wannan ko taɓa shi ba ya yi, da tsinin takalmi yake nuna shi. Amma kalmar da ta fi zama a bakinsa ita ce maneji. In zai faɗe ta sai ya shimfiɗa tafin hannu a iska ya karkaɗa shi dama da hagu, kamar kwalekwalensa in ya shiga tsakiyar ruwa. Maneji shi ne abin da ba za a zubar ba, ba kuma za a yi alfahari da shi ba. A yi haƙuri da shi kawai.

Ba wai mun rasa namu kalmomin ba ne. Muna da dama-dama, muna da ba laifi, muna da ba yabo ba fallasa, tsofaffi su ce kadaran-kadahan. Sai dai namu suna da sutura, suna barin mutum ya tashi da mutuncinsa. Na Alhaji kuwa kamar hatimi suke, in ya buga maka ya zauna. Wataƙila shi ya sa suka yi mana daɗi a baki. Kafin a ce haka sun gama gari. Shayin da aka yi wa rowar sukari maneji ne. Atamfar da ta zuba a wankin farko lokal ce. Injin Baba, da ya saya a hannun wani, sunansa ya koma Sakan, har in ya ƙi tashi sai ka ji Baba na cewa, "Sakan ya fara halinsa." Wani tsoho maƙwabcinmu in an tambaye shi jiki sai ya dafa gwiwoyinsa ya ce waɗannan dai sun zama rijet, sauran jikin da sauƙi. Har liman, da aka tambaye shi damina wata shekara, na ji da kunnena ya ce, "Maneji, alhamdu lillahi."

Abin dariya ne har ranar da ya zo kaina.

Yaya shi ke zuwa na ɗaya a lekol, wato makarantar boko, kowane zango. Yayata ba ta damu da karatu ba, amma ita in ta fito ɗibar ruwa har mata juyowa suke yi. Ni kuma ina nan dai. Ba a kore ni ba, ba a taɓa kiran sunana gaban aji ba. Mushenmu, wato malamin ajinmu, kalma ɗaya ta Faransanci yake rubuta mini da jan biro, pasabul. Wata rana Baba, da bai yi lekol ba, ya tambayi Yaya ma'anarta. Yaya ya shimfiɗa hannu a iska ya karkaɗa, ya ce, "Baba, maneji ke nan." Aka kwashe da dariya, har Baba sai da ya share hawaye. Daga ranar sunan ya bi ni. Maneji kawo ruwa, Maneji kore awaki. Nakan yi dariya tare da su don kar a ce ban san wasa ba, amma ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, har na girma yana yi. Iya ba ta taɓa kira na da shi ba. Ba ta kuma taɓa hana su ba, wannan ma na riƙe shi a zuciya.

To a gidanmu, da duk gidajen garin, ba a cin tsibin dama. Shi buhu yake shiga, a ɗinke, ya tsallaka kogi ya hau mota. Mu da muka noma shi ba mu san ɗanɗanonsa a miya ba. Na tsakiya shi ke zama. Ba a sayar da shi, abin kunya ne a ce ka karɓi kuɗin mutum a kansa. A ba matan da suka taya zaɓe, a aika wa maƙwabta, sauran a zuba a tulu a rufe, shi za a ci har shekara ta zagayo. Na taɓa tambayar Iya me ya sa ba ma ɗiban mai kyan ko kaɗan. Ta ce, "Na baƙi ne. Kin taɓa ganin mahauci ya kai cinya gida?"

Da yake na tsakiyan yakan ɗan yi warin danshi, Iya ba ta daka shi haka nan. Tana da wani tsohon kasko, ta ɗora a kan garwashi, ta zuba tattasan tana juyawa da hannu har ya fara ƙamshi. Hayaƙin nan ba ya barin kowa. Kaji su watse, Baba ya fice zaure yana tari yana faɗa, mu yara mu yi ta atishawa muna dariya, ita kuwa ko gezau. Miyar da ke fitowa ba ja ba ce, ƙasa-ƙasa take, da ɗan ɗaci can a ƙarshen harshe da ɗan tsami na waɗanda ba su nuna ba. A zuba ta a kan burabusko, a sa hannu. Da ita muka girma, ban kuma taɓa tsammanin wani abu ce ba. A ganina abincin waɗanda ba su da zaɓi ne.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Bakin kogi ya daina zaunuwa, aka ce kowa ya tashi. Har tattasan ma an taɓa hana fitar da shi, buhunan Baba na ƙarshe a ɗaki muka bar su. Alhaji bai sake tsallakowa ba, kuma har yau ban sami wanda ya gaya mini inda ya ƙare ba. Muka taho Diffa da abin da muka iya ɗauka. Baba bai jima ba ya rasu, mutumin da ya saba da laka a ƙafa aka ce ya zauna a kan benci yana kallon titi. Yaya ya riga ya yi nisa a Yamai, yayata tana gidanta. Ni da aka ce pasabul na lallaɓa na zama malamar ƙananan aji, na yi aure nan cikin gari, Iya ta dawo wurina. A birni tattasai a tiya ake saye, ni kuma da albashina ba zan kawo wa uwata mai tabo ba. Shekara da shekaru lamba ɗaya nake saya mata, ina ganin gata nake yi.

Wata ranar Juma'a, bayan dawowarmu daga asibiti, na zage na yi miya wadda ni kaina na san ta yi. Na kai mata, na zauna na tsare ta. Ta buɗe ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baƙi za mu yi?"

Na ce, "Waɗanne baƙi, Iya? Taki ce."

Ta ce, "Wannan miyar baƙi ce."

Raina ya ɓaci, don na gaji, kuma tsoro na cina. Na ɗaga murya abin da ban saba ba, na ce, "Iya, mi kike so in yi? Tattasan nan lamba ɗaya ne, duk kasuwa babu irinsa!"

Ta ce, "Na gani ai." Ta juya ta fuskanci bango.

Na fito da kwanon ina huci, na tsuguna bakin rariya ina wanke tukunya kamar ita ta yi mini laifi. Jan man miyar na bin ruwa yana tafiya, ina kallonsa. A nan ne abin ya faɗo mini. Tukunyar Iya ba ta taɓa yin wannan jan ba.

Washegari na shiga kasuwa neman maneji. Ashe neman abu mara kyau ya fi neman mai kyau wuya. Duk wanda na tambaya sai ya haɗe rai kamar na zage shi. Wani ya ce, "Haba Madam, dubi kayana da kyau, a nan ba mu san maneji ba." Wani ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa bai taɓa ajiye irinsa ba, alhali na san in na cusa hannu tsakiyar buhunsa irin na Alhaji zan zaro. A birni ba a barin na tsakiya ya fito da fuskarsa. Ko a ɓoye shi cikin mai kyau, ko a niƙe shi gari a haɗa da wani abu. Na zagaya har rana ta take, na dawo hannu biyu. Maigidana ne ya ce ai lokacin shanya ne, in je Shetimari, can zan same shi kafin a ɓoye.

Na shiga motar kasuwa na tafi. Tun daga titi na hango jan filin, rabona da ganin shanya tun barinmu gida. Mata na zaune a kan tabarmi sun miƙe ƙafa. Yawancinsu mutanen ƙetare ne da gudu ya kawo, suna aikin zaɓe a garkar wasu. Tsibi uku ne a gabansu, dama, hagu da tsakiya, ba abin da ya canja. Na yi sallama, na nufi wata dattijuwa mai zane a fuska irin na Iya. Na gaishe ta da Barbarci, na ce mata wushe, ta amsa tana duban takalmina da jakata, da alama ta ɗauka daga ofishin masu agaji nake. Na nuna tsibin tsakiya na ce shi nake so in saya.

Ta ce, "Ga mai kyau can, ki yi magana da mai garka."

Na ce, "A'a, Iya, wannan nake so."

Ta dube ni kamar mai taɓin hankali. Sai ta shimfiɗa tafin hannu a iska ta karkaɗa shi dama da hagu, ta ce, "Ƴata, wannan ba na sayarwa ba ne. Maneji ne."

Ban san lokacin da na zauna a rairayin ba. Shekarun nan duka ban sake ganin wani ya yi wannan hannun ba. Na gaya mata komai, uwata, kwanon da ke dawowa, maganar likita. Ta jawo gefen mayafina ta shimfiɗa, ta fara ɗiba daga rabonta tana zaɓe, tana ƙara ƙananan nan na tsinkar ƙarshe da masu farin gefe. Na laluba jaka, ta buge mini hannu. Da ta ƙulle ta ce, "Sai an gasa shi fa kafin a daka."

Na ce, "A kasko, a kan garwashi, ba a barin wuta ta kama."

Ta yi murmushi ta ce, "Ashe ƴar gida ce."

Ba ni da kasko, sai fasasshen tulu na samu a bayan ɗaki na ɗauki ɓarinsa. Na hura gawayi a tsakar gida da la'asar, na zuba, na fara juyawa. Hayaƙi ya tashi. Yarana, ƴan birni, suka watse waje suna tari suna cewa na kashe su. Idona na ruwa, hancina na zuba. Can sai na ji atishawa daga ɗakin Iya. Aka sake yi. Sai kuma murya, wadda rabon da in ji ta da ƙarfi haka har na manta:

"Wa ke ƙona mini tattasai? Wuta ta yi yawa!"

Na ɗago, sai ga ta a bakin ƙofa tana dafe da bango, ɗankwali a karkace. Na tashi zan riƙe ta, ta ce in koma kan aikina kar ya ƙone. Ta lallaɓo ta zauna a kan kujera ƴar tsugunno, ta karɓi ragamar girkin da baki. Rage garwashi. Juya ta can. Sauke, ya isa. Kar ki daka ya yi laushi sosai. Da na ɗauko gwangwanin tumatir ta ce in mayar da shi inda na ɗauko. Kuka, ɗan kifin banda, daddawa, gishiri, shi ke nan. Miyar ta fito ƙasa-ƙasa, ba kyan gani, irin wadda da zan ji kunyar kai wa maƙwabta.

Na zuba mata a kan burabusko. Ta yi bisimilla ta kai loma, ta tauna a hankali idonta a rufe. Ta kai ta biyu. Ni dai na tsaya riƙe da ludayi ina kallonta. Da ta yi nisa na kasa haƙuri na ce, "Iya, ya miyar?"

Ta ɗaga hannun hagu ta karkaɗa shi a iska. "Maneji."

Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na rasa wanne nake yi. Daga ranar kwano ya daina dawowa a cike. Ba ta koma kamar da ba, tsufa ba ya komawa baya, amma ta sake ganin zuwan kogi, har na kai ta bakin gada ta tsaya ta kalli ruwan, kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu in na ɗauki jan biro zan rubuta wa wani yaro pasabul, sai na tsaya na dubi fuskarsa tukuna.

Amma abin da ya fi zama mini shi ne abin da ya biyo bayan dariyar nan. Tana cikin ci waya ta fara kuka a ɗaki, na san Yaya ne, lokacin kiransa ke nan. Na juya zan ɗauko, Iya ta riƙe mini gefen zane da hannun da ba miya.

Ta ce, "Bar shi, zai sake kira. Lamba ɗaya ai na baƙi ne, tun tuni ya hau mota. Na tsakiya shi ke zama a gida, da shi ake rayuwa." Ta turo kwanon tsakaninmu, ba ta ko dube ni ba. "Wanke hannu ki zauna, ba na son ci ni kaɗai."

Na wanke hannu na zauna.